Gonaki Takwas da Suka Sha Ruwan Rijiya

Sanarwar layi shida ce, kuma na haddace ta tsaf. Ƙungiyar da nake yi wa aikin damina tana neman masanin ƙididdiga guda ɗaya a babban buronta, wato ofishinta, na Yamai. Ana son mai digirin masta, ina da shi, shekara bakwai yana kwance cikin leda a ƙasan akwati. Ana son wanda ya iya sarrafa alƙaluma a na'ura, na iya har na gaji da iyawa. Ana son wanda ya yi damina biyu yana auna amfanin gona a karkara, da takardar shaida daga shugaban yankinsa, wadda muke kira atestasiyo. Kada shekarun mutum su wuce talatin da biyar. Albashi jika ɗari huɗu da ashirin na sefa a wata, ga kuɗin asibiti. Layi na ƙarshe ya ce akwai jarrabawa.

Ni Sufyan, saura wata uku in cika talatin da biyar. Wata huɗu a shekara nake aiki, ana biya na kwana-kwana, sauran wata takwas ina zaune a shagon yayana a Tasawa ina yi wa mutane cajin waya. In wannan ta wuce ni, babu wata. Abu ɗaya ya rage mini a cikin dosiye, wato takardun neman aikin: sa hannun Mushe Habibu, shugabanmu na Mayahi, kuma ba zai sa ba sai na aika masa da awon ƙauyena na ƙarshe.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Na'ura takan zaɓi ƙauye, a cikin ƙauye ta zaɓi gonaki, a cikin kowace gona ta zaɓi wuri, babu son rai. In hatsi ya fito, sai in je in kafa turaku huɗu in zagaye su da igiya, mita biyar kowane gefe. Da kaka in dawo in yanke abin da ke cikin igiyar, a sussuka, in auna, in ɗauki hoto, in aika ta tabilet. Daga wannan ɗan awon ake sanin abin da yanki duka ya noma, kuma da shi ƙungiyar ke fitar da jerin ƙauyukan da za ta kai wa hatsi a rabin kuɗi idan rumbuna suka ƙare.

Bana na'urar ta zaɓi Garin Talle, cikin gundumar Sarkin Hausa ta yankin Mayahi. Garin mahaifiyata ne. A nan Inna A'i, yayarta, ta raine ni bayan rasuwarta. Doka ta ce in ma'aikaci yana da dangi a ƙauye ya faɗa a ba wani. Ban faɗa ba. Na yi tunanin furar Inna da ɗakin kwana kyauta, na yi gum da bakina.

Ranar da na kafa turakun a gonaki takwas, Inna ta tambaye ni amfaninsu. Ina sauri, ina kaɗe ƙasa daga wando, na ce mata, "Kada kowa ya yanke abin da ke ciki sai na dawo. In aikin ya yi kyau za a kai ni Yamai." Iyakar abin da na faɗa ke nan, na hau moto, babur ɗina, na tafi.

Sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin da uku, daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai.

Na dawo da kaka, ranar Alhamis da hantsi. Tun daga kan tudu na hango wuraren da na kafa wa turaku. Gonaki duk sun ƙone, karan bai kai gwiwa ba, zangarniya kamar yatsa, wata ma babu ƙwaya ko ɗaya. A tsakiyar wannan ƙunar kuwa ga wani ɗan wuri mai kusurwa huɗu, hatsi ya fi ni tsawo, zangarniya ta cika ta sunkuya. Na duba gabas, ga wani. Na duba kudu, ga wani. Na kashe moto na tsaya ina addu'ar idona ne.

Kawu Mutari, ƙanin Inna, ya taho yana ɗaga hannu, murmushi har kunne.

"Sufyanu! Taho ka gani da idonka, kada a ba ka labari. Ya ka ga 'yan gonakin naka?"

"Kawu, me aka yi musu?"

"Mi anka yi musu? Mi ba a yi musu ba! Da hwari ya shigo, innarka ta tara mata ta ce aikin ɗanta ba shi mutuwa tana raye. Duk kwana ukku bidon ruwa goma-goma, manyan jarkokin nan, kowace gona. Ni na ba da amalanke da sa. Ranar da san ya gaji, bisa kai sunka ɗauko." Ya shafa wata zangarniya yana jinjina ta. "Taki ma na garkena ne, ban bari an sa na kowa ba. Tsuntsu kuwa ko sauka bai yi ba."

Rijiyar Garin Talle gaba talatin ce, ni na sani domin na ja ta ina yaro har tafin hannuna ya sale. Daga bakinta zuwa gona mafi nisa tafiyar rabin awa ce. Na yi lissafin bidon a kaina ba da niyya ba, sana'a ce ta bi jiki. Tamanin kowane zagaye, zagaye bakwai. Na so in yi ihu, na so in rungume shi, na rasa wanda zan fara.

Na yi aikina. Mutum in ya rasa abin yi sai ya yi wanda ya saba. Na yanke, mata suka sussuka a kan tabarma suna guɗa, na rataya sikeli a reshen gawo. Kilo uku. Kilo uku da ɗari biyu. Biyu da ɗari tara. A gonar Kawu, don kaina, na auna wani wurin daidai girman wancan a wajen igiya. Bai kai rabin kilo ba.

Inna A'i ta iso ana awo na shida, tana dogara sanda. Da damina ba ta da sanda. Ta zauna a gindin gawo ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun kumbura, ta zuba wa sikelin ido duk da ba ta san karatunsa ba.

"Ya yi nauyi, ɗan nan?"

"Ya yi, Inna."

"Alhamdu lillahi. To sai Yamai."

Da azahar na ja Kawu gefe, bayan rumbunsa, wanda ko dami goma bai shiga ba bana. Na yi masa bayani a hankali. Na ce awon nan ba jarrabawata ba ce, madubin garin ne. In na aika da kilo uku, na'ura za ta ce Garin Talle ya ƙoshi. Kuma ba shi kaɗai ba, ƙauyen nan yana tsaye ne a madadin wasu goma sha ɗaya da ba a je ba.

Murmushin ya bar fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ya cire hula ya duba cikinta, ya mayar.

"Wato ɓarna munka yi maka."

"Ba ku kuka yi ba, Kawu. Ni ne ban yi bayani ba."

"In ka ce musu an ba su ruwa fa?"

"Za a soke awon. Za a tambayi dalilin da ya sa aka ba su, a gane garinmu ne. Mushe ba zai sa hannu ba."

Ya waiga ya dubi rumbun. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Wa ya sani in ba mu ba? Aika abinka. Mu mun saba, mun ga shekarun da sunka hi wagga. In kana Yamai ka tuna da mu." Ya kama hannuna ya matse. "Amma kada innarka ta ji. Gwiwoyin nan ba su warkewa, in ta ji a banza ta yi, ban san mi za ya same ta ba."

Wayata ta yi ƙara. Mushe Habibu ne.

"Sufyan, ina alƙalumana? La'asar zan tashi Maradi, hatimi yana cikin jakata, kuma ba ni dawowa sai bayan sati biyu. Dosiyenka ranar Litinin ake rufewa, ko ka manta?"

"Mushe, akwai wata 'yar matsala a nan. Wuraren da na kafa..."

"An yanke su kafin ka zo?"

"A'a, suna nan."

"Ka auna?"

"Na auna."

"Sikeli lafiya lau?"

"Lafiya lau."

"Alors? Sai me? Ka rubuta abin da sikeli ya ce. Sauran ba ni son ji a waya. Ka san doka, ƙauye ɗaya ya lalace ta hannun mutum, babu atestasiyo. Ni ma akwai masu tambaya ta. Ina ba ka minti arba'in."

Ya kashe. Na hau kan tudu inda ake samun rezo, sabis mai ƙarfin da zai aika awon, rana tana duka na, tabilet ya yi zafi a hannuna. Hotunan da na ɗauka duk na matso kusa, zangarniya da sikeli kawai ake gani, ko ɗaya bai nuna ƙonanniyar gonar da ke baya ba. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba lokacin da nake ɗaukar su. Na sani sarai. A ƙasan kowane layi akwai gurbin da ake rubuta bayani in an ga wani abu na daban. Na sa yatsa a kai, na ɗauke, na sake sawa. Na ce wa raina ai ban ƙara ko giram ɗaya ba, abin da sikeli ya nuna na rubuta. Na ce ƙauye ɗaya cikin ɗari biyar ba zai karkatar da komai ba. Na ce in na samu aikin zan aiko da buhuna da kaina. Mai ilimin lissafi in zai yaudari kansa ya fi kowa iyawa, domin yana da hujjoji a jere.

Saura minti shida na danna na aika, gurbin bayani babu komai.

Kafin magariba ina Mayahi, takardar tana jiran na a hannun mai gadi, da hatimi da sa hannu. Na karɓa ban ji daɗin komai ba.

Bayan sati uku aka kira mu Yamai. Mu tara ne muka tsallake tantancewa. Aka shigar da mu wani ɗaki a bene na biyu, sanyin na'ura har ƙashi, kowa da kwamfuta a gabansa. Daga taga ina hango motoci sun cushe a shataletale, masu moto suna kutsawa tsakaninsu. Na riga na tambayi kuɗin hayar ɗaki biyu a wata unguwa can bayan gari, na raba albashin nan gida-gida a kaina tun kafin in gan shi.

Shugabar sashen ƙididdiga ta shigo, Madam Lubna, doguwa, 'yar Damagaram, tabarau a kan hanci. Ba ta ɓata lokaci ba.

"Abin da ke gabanku awon bana ne, ɗanye, kamar yadda ya zo daga karkara. An cire sunayen ma'aikata. Ku nemo mini duk inda ba ku yarda da shi ba, ku faɗi dalili, ku faɗi abin da za a yi da shi, a bari ko a cire. Kowane layi yana da hotonsa, ku duba. Ku yi da gaske, domin ranar Litinin jerin ƙauyuka zai fita daga cikin wannan. Awa biyu."

Layi dubu huɗu. Na fara da masu sauƙi. Wani ya rubuta kilo talatin maimakon uku. Wani ya auna gona ɗaya sau biyu. Wani, Allah ya shirye shi, ya yi awon ƙauyuka uku a rana ɗaya daga wuri ɗaya, da alama daga gindin wata bishiya mai inuwa. Na kama su duka. Sannan na yi abin da kowane mai hankali zai yi, na jera yawan ruwan sama a gefe ɗaya, yawan amfani a ɗaya gefen, na sa na'ura ta zana.

Ɗigo dubu huɗu suka taru suka bi hanya ɗaya. Takwas suka tashi sama su kaɗai, a wurin da ruwa ya fi ƙaranci.

Matar da ke kusa da ni ta gan su a nata allon. Na ji ta ce, "Tiens," cikin mamaki, ta buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta gyaɗa kai, ta ci gaba. Na san abin da ta rubuta, domin shi littafi ya koyar. Alƙaluma sun fita daban, amma hoto ya tabbatar, ga zangarniya ga sikeli, wataƙila kwari ne mai riƙe ruwa ko wani hadari ya sauka a nan shi kaɗai, a bar su. Amsa ce mai kyau. Ba a cire awo don kawai bai yi wa mutum daɗi ba. Ni ma na rubuta ta, kalma bayan kalma, Faransancina ya fito sumul. Saura minti talatin da biyar, kuma na san babu wanda ya fi ni a ɗakin nan.

Da na tashi a lokacin da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma akwai sauran lokaci, kuma yatsuna ba sa iya zama. Na ce bari dai in gani, don in kwantar da raina. Ƙungiyar tana da ma'auni, yankin da matsakaicin amfaninsa ya gaza kilo ɗari uku a hekta shi ke shiga jeri. Na ware yankinmu. Da layukan takwas, ɗari uku da tara. Na cire su. Ɗari biyu da sittin da ɗaya.

Na sake lissafi. Na sake na uku ta wata hanya, ina fatan na yi kuskure, ni da ban taɓa fatan kuskure ba a rayuwata. Bai canja ba. Ba ƙauye goma sha biyu ba ma, yankin duka ne, ƙauye arba'in da wani abu, kuma kilo tara ne ya fitar da su. Na tuna na ce zan aika da buhuna, na ji kunya ta rufe ni, domin albashin shekara goma ba zai ciyar da ƙauye arba'in wata ɗaya ba.

"Saura minti goma," in ji Madam Lubna.

Na duba amsata mai kyau. Babu wanda zai taɓa sani, Kawu ya faɗi gaskiya. Na sa yatsa na goge ta, ina kallon kalmomin suna ɓacewa daga ƙarshe zuwa farko. Na rubuta cewa a cire layukan takwas, domin an shayar da wuraren da ruwan rijiya sau bakwai lokacin fari, an sa musu taki, an kore musu tsuntsu. Na rubuta cewa awon da aka yi a wajen igiya bai kai rabin kilo ba. Na rubuta cewa ma'aikacin ya sani kafin ya aika, kuma ya ɗauki hotunan yadda ba za a gane ba. Da aka ce a ɗaga hannu, ban ƙarasa jimlar ƙarshe ba.

Bayan azahar aka fara kiran mu ɗaya-ɗaya. Ni aka fara kira. Madam Lubna tana riƙe da takardata, ta cire tabarau ta ajiye.

"Asseyez-vous." Na zauna, ta dube ni, sannan ta koma Hausa. "Cikin ku tara, shida sun ga layukan nan, biyar sun ce a bar su. Ni ma da na duba su makon jiya na bar su. Babu inda aka rubuta ruwan rijiya a cikin abin da na ba ku. Ina ka samo sau bakwai?"

"Ni na auna su, Madam. Garin mahaifiyata ne."

Ta ajiye takardar a kan tebur.

"Wa ya ba su ruwan?"

"Innata, da matan garin. Sun zaci in hatsin ya yi kyau za a ɗauke ni aiki."

Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta murza goshi. Da ta buɗe, muryarta ba ta da zafi, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

"Takardarka ta fi ta kowa, nesa ba kusa ba. Amma takardar atestasiyonka a kan wannan awon aka ba ka ita, kuma ni sai na rubuta abin da ya faru. In an janye ta dosiyenka bai cika ba. Ka gane abin da nake faɗa?"

"Na gane."

"Shekarunka nawa?"

"Talatin da biyar, nan da wata biyu."

Ta duba takardar. Ta jawo kujera kusa da tata, ta juyo da kwamfuta. "Zo ka nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Ka ba ni awon da ka yi a wajen igiya. Ina so in gyara kafin a tashi."

Muka yi minti ashirin. Na ga alƙalumin yankinmu ya sauko a allonta, na ga sunan ya koma cikin jeri. Ta raka ni har bakin ƙofa, ta ce Allah ya ba da wani. Na ce amin.

A tasha na sayi tikitin Tasawa, na zauna a kan benci da jakata tsakanin ƙafafu. Motar ba za ta tashi ba sai bayan la'asar. Na fito da waya na kira Kawu Mutari, domin gara ya ji daga bakina. Ko sallama bai ƙarasa amsawa ba na ji ana kokawa da wayar, na ji muryar Inna A'i tana cewa a ba ta, ɗanta ne.

"Sufyanu! Tun sahe nike zaune nan gidan kawunka. An ɗauke ka?"

"Inna, ina wuni? Ya ƙafar?"

"Bar ƙahwa. An ɗauke ka?"

"Ba a ɗauke ni ba, Inna."

Na ji numfashinta a cikin wayar, na ji akuya tana kuka can nesa.

"Ɗan nan," ta ce a hankali, "gaya mini gaskiya, kada ka ɓoye mini. Ruwan ne bai isa ba?"